Keke a Zariya: Tambayoyin da Ake Yi Mini a Rumfa da Amsoshinsu

Tun ina yaro nake zama a rumfar gyaran keke ta mahaifina a Tudun Wada, ina miƙa masa sifana, ina tsoma tub cikin kwanon ruwa don gano inda iska ke fita. Yau rumfar tana hannuna. Akwai shekarun da na ɗauka sana'ar ta mutu, lokacin da babura 'yan Caina suka cika gari, kowa ya rataye kekensa a zaure. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na acaɓa suka yi tashin gwauron zabi, sai ga tsofaffin kekuna ana kakkaɓe musu ƙura ana turo mini. Malaman makaranta, ma'aikatan jami'a, ɗalibai, har dattawan da suka daɗe da barin hawa. Ga tambayoyin da suka fi yi mini, yadda suka fito daga bakinsu.

Malam, ina son keken zuwa aiki. Wane iri zan saya?

Sai na fara tambayarka abu uku, ƙanena: ina za ka riƙa zuwa, me za ka ɗauka, kuma idan ya lalace wa zai gyara maka. Ta ukun ita ce babba, ita ce kuma aka fi mantawa da ita. Keke nagari a Zariya shi ne wanda idan wani abu ya karye a jikinsa a Kofar Doka ko a Bomo, mai gyaran da ke gindin bishiya zai buɗe akwatinsa ya ciro maka irinsa.

Shi ya sa har gobe nake girmama baƙin keke mai taya lamba 28, irin su Raleigh da iyayenmu ke kira Rali, wanda asalinsa daga birnin Notingam na Ingila ne, da Phoenix ɗan Caina, da Hero da Avon 'yan Indiya. Yana da nauyi, giyarsa ɗaya, birkinsa na sandar ƙarfe ne. Amma Zariya gari ne shimfiɗaɗɗe. Daga Samaru ka biyo ta Kwangila zuwa PZ, ka zarce Tudun Wada har cikin birni, babu hawan da zai sa lafiyayyen mutum ya sauka ya tura. Giya ɗaya ta ishe ka.

Keke mai giya da faffaɗar taya lamba 26 shi ma yana da wurinsa, musamman ga wanda ke bin hanyar burji da yashi, kamar mai zuwa gona bayan Shika ko gefen Kufena. Ya fi sauƙin ɗagawa, tayarsa kuma ana samunta. Wanda ba na ba kowa shawarar saye don zirga-zirgar yau da kullum shi ne keken tsere mai siririyar taya. A kan kwalta mai santsi babu kamarsa, amma rami ɗaya a lungunan Sabon Gari zai lanƙwasa masa gargare.

Sabo dal ko na gwanjo?

Kyakkyawan na gwanjo ya fi sabon da aka yi don ido. Akwai sababbin kekuna masu fenti mai walƙiya, da sifirin gaba da baya, da giya 21, a farashi mai rahusa. Kyan ɗan maciji ke nan. Ƙarfensu laushi gare shi, sifirin ɗin na shanye ƙarfin ƙafarka, kafin damina ɗaya ta wuce hannun birki ya karye. Araha ba ta ado.

Idan na gwanjo za ka saya, kada ka tafi kai kaɗai, kuma kada ka saya da magariba. Ka fara da bodi. Duba duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, musamman ƙarƙashin wuya da gindin feda. Idan ka ga tsagewa, ko walda, ko fenti ya tattare kamar fatar tsoho a bayan wuya, keken ya taɓa cin karo, ka bar shi. Tsaya ta gaba ka dubi fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, ƙafafunsa biyu su zama daidai. Ɗaga kowace taya ka juya ta, ka zuba ido a tsakanin gargare da robar birki ka ga ko tana rawa. Kama feda ka girgiza ta gefe da gefe. Kwance sirdi ka ga yana hawa yana sauka, don wanda tsatsa ta cinye ya manne, ranar da kake son ɗaga shi za ka sha wahala. Taya da tub da kaca da robar birki duk abin canjawa ne, kada lalacewarsu ta hana ka saye, sai dai ta sa a rage maka kuɗi. Bodi ne ba ya canjuwa.

Sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar bodi. Zan dawo kan wannan.

Ina jin ciwon gwiwa idan na yi tafiya mai nisa. Keken ne ko ni?

Sau da yawa sirdi ne ya yi ƙasa. Mutanenmu suna son idan sun tsaya tafin ƙafa biyu su taka ƙasa suna zaune, wannan kuwa shi ke cin gwiwa. Hau ka dafa bango, ka ɗora dunduniyarka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkace ba. Idan ka dawo da gaban ƙafa kan feda yadda ake tuƙi, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, daidai ke nan. A jikin sandar sirdi akwai layin da aka zana. Kada ka ja ta sama ta wuce shi. Idan sai ka wuce layin kafin tsawo ya yi maka, keken ya yi maka ƙarami.

Kawu, mako ba ya wucewa ban yi faci ba. Mene ne laifina?

Kawo tub ɗin, shi zai gaya mana. Idan hujin yana ta bayan tub, wajen da ke fuskantar ƙasa, to ƙaya ce ko ƙusa ko kwalba. Bayan damina tsidau ya bushe a gefen hanya, ƙayarsa ƙanana ce amma ba ta da sauƙi, kuma takan karye ta zauna cikin taya. Mai faci mai gaggawa zai liƙe tub ya mayar, ƙayar tana nan, gobe ka dawo. Ka tabbata an shafa cikin tayar da yatsa a hankali an zagaye ta kaf kafin a rufe.

Idan hujin yana ta ciki, wajen gargare, kan sufok ne ke sukarsa, wato siraran wayoyin nan da ke haɗa gargare da cibiyar taya. Akwai ƙyallen roba da ake zagaya gargare da shi don rufe kawunan sufok. Ko ya tsinke ko babu shi sam. Tsohon tub da aka yanka da tsawo yana yin wannan aiki.

Idan kuwa huji biyu ne gefe da gefe, rashin iska ne. Ka faɗa rami, gargare ya danne tub ya tsaga shi. Wannan shi ne mafi yawan abin da nake gani, kuma maganinsa famfo ne kawai.

Wajen facin kansa, ga inda ake kuskure: a kankare wurin ya yi kaushi, a shafa sholisho siriri, sannan a jira ya bushe har ya daina kama yatsa, kamar minti biyar, kafin a ɗora facin a danne. Wanda ya ɗora kan ɗanyen sholisho, zafin kwalta zai ɗaga masa shi. Tub da ya kai faci biyar ko shida kuma ya yi aikinsa, a sake shi.

Iska nawa ya kamata in sa?

An rubuta a gefen tayar, ka duba. Mafi yawan faffaɗan tayoyi suna tsakanin 35 zuwa 60 a ma'aunin masu faci, sirara na tsere kan kai 100. Idan babu ma'auni, danna da babban yatsa. Kada ta lotsa sai da ƙyar. Duba kowane mako, don tub ko ba huji yana rage iska da kansa. Ka yi hattara da injin iska na masu facin mota, cikin ƙiftawar ido yake cika tayar keke har ta fashe. A watan Maris da Afrilu kuma, kada ka cika ta tam ka jingine keken a tsakiyar rana.

Na sayo taya lamba 26 amma ta ƙi shiga. Ha'intata aka yi?

Ba lallai ba. Lamba 26 ba ɗaya ba ce. Nemi wasu lambobi ƙanana a gefen tsohuwar tayarka, biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 50-559. Ta ƙarshen ita ce faɗin da'irar gargare a milimita, ita ce ta gaskiya. Keke mai giya lamba 26 yana ɗaukar 559, amma akwai wata 26 ɗin ta tsofaffin kekunan Ingila mai 590. Haka 28: ta baƙin keke 635 ce, ta kekunan Turai na gwanjo galibi 622. Mafi sauƙi, ɗauki tsohuwar tayar ka tafi da ita kasuwar Sabon Gari. Ka dubi bakin bawul ma, don iri uku ne, kuma ba kowane famfo ke kama siririn nan ba.

Zan iya zuba baƙin mai a kaca?

Na san kowa na yi, amma ba na so. Baƙin mai ya riga ya gama aiki a inji, cike yake da garin ƙarfe. Idan ya haɗu da ƙurar hunturu sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin kaca da haƙoran sufaket, wato faifan da kaca ke hawa, a hankali. Man gyaɗa da manja su ma a bar su a kicin, daskarewa suke yi su yi danƙo.

Yadda mahaifina ya koya mini: goge kaca da tsumma da ɗan kananzir, a bi da tsohon buroshi, a bar ta ta bushe. A ɗiga sabon man inji ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, a juya feda baya sau da yawa, sannan a sake gogewa da busasshen tsumma har ka ga kamar ba a sa komai ba. Man da ke amfani yana ciki, na waje ƙura kawai yake kira. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka rage mai ka yawaita gogewa. A damina kuma, duk ranar da ruwa ya dake ka, ka goge ka ƙara mai tun kafin tsatsa ta fito.

Kaca tana tsufa, ana kuma iya aunawa. Gaɓa 12 cikakku na sabuwar kaca, wato ta ciki da ta waje a lissafa su ɗaya, inci 12 ne cif. Idan ka auna ka ga ta ƙaru da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta gama, kuma mai yiwuwa ta ci sufaket ɗin baya. Wanda ya canja kaca da wuri yakan tsira da sufaket ɗinsa.

Kacar tana yawan zubewa.

A keke mai giya ɗaya, saki ta yi. A kwance notin tayar baya a ja ta baya kaɗan, a bar kacar tana motsi sama da ƙasa kamar kaurin yatsa. A mai giya kuwa, ko keken ya faɗi ta dama hannun giyar baya ya lanƙwashe, ko sukurorin da ke tsayar da shi sun kwance. Kada ka ci gaba da hawa a haka, don idan ya shige cikin sufok asarar ta ninka.

Birkina ba ya kamawa idan ana ruwa.

Gargaren ƙarfe mai ƙyalli haka halinsa yake, idan ya jiƙe sai roba ta yi ta zamewa. A watan Agusta, lokacin da ruwa bai ɗagawa, ka fara kama birki tun daga nesa, kana matsawa kana saki don robar ta share ruwan. Ka duba robar: idan zanen jikinta ya shafe, ko ta yi tauri ta yi santsi, canja ta, tana cikin mafi arahar kayan keke. Mai birkin waya ya duba wayar, ko zare ɗaya ya tsinke a sake ta. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne yaron da zai zo da keke babu birki ko ɗaya, yana tsayawa da silifas. Ba na bari ya bar rumfata a haka, ko da kuɗi ko babu.

Tayar baya tana rawa, sufok na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Sufok ɗaya idan ya tsinke, nauyinsa ya koma kan maƙwabtansa. Ka sa wani a ranar, kada ka jira na biyu. Idan sun riga sun kai huɗu ko biyar, gara a sake ɗaure wilin gaba ɗaya da sababbi. Ɗaure wili gwaninta ce daban, ba kowane mai faci ya iya ba. Ka tambaya a unguwa, za a nuna maka dattijon da ake kai wa.

Sau nawa ake sa giris?

Sau ɗaya a shekara ga mai hawa kullum, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba. A buɗe cibiyar taya biyu, da gindin feda, da wuya, a wanke boris, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke ciki, a canja wanda ya ci, a cika da sabon giris. Kada ka wanke keke da injin wankin mota, kada kuma ka tura shi cikin kogin Kubanni ko Galma da sunan wanki. Ruwan yana shiga inda giris yake ya kore shi.

Na yi ta fama da fedar hagu ta ƙi kwancewa.

Ɗaure ta kake yi. Zaren fedar hagu a juye yake, ta hannun dama ake kwance ta. Sifana mai lamba 15.

Ina da 'yan kuɗi, me zan ƙara wa kekena?

Fara da abin da ke taɓa ƙasa da abin da ke taɓa jikinka: taya mai kauri, robar birki mai kyau, sirdin da bai dame ka ba. Sai madigadi saboda jar lakar damina, da kariyar ɗora kaya mai ƙarfi, da fitila gaba da baya. Sa wa baƙin keke giya mai yawa ba ya biyan wahalarsa. Idan giya kake so, sayar da shi ka sayi mai giya.

Ana kuma tambayata game da mayar da keke na lantarki. Yana yiwuwa, ana sa ƙaramin injin lantarki a cibiyar taya da batir mai bolt 36 ko 48. Amma batir ɗin shi ne rabin kuɗin, yana kuma raguwa da shekaru, zafi yana ƙara gajarta masa kwana. Ka yi tunanin wutar unguwarku, da inda za ka sami wani idan ya mutu. Kada a yi cajinsa a ɗakin da ake kwana, kada kuma a yi da cajar da ba tasa ba. Idan za ka ƙara wa keke gudu, birki za ka fara gyarawa.

Ina ɗauko rake da buhun masara daga ƙauye. Yaya zan yi kada keken ya karye?

Baba, kai ne ka fi kowa sanin darajar baƙin keke. A ƙara wa kariya ƙafafu na rodi, a ɗaure wilin baya da sufok masu kauri, iskar baya ta cika. Kaya ya zauna ƙasa-ƙasa, nauyin dama da hagu ya daidaita. Rake da kara idan an gicciya su suna fin keken faɗi nesa ba kusa ba, kuma direban da ke tahowa ta baya da asuba ba ya ganinsu. Ɗaura jan ƙyalle a bakinsu. Idan kayan ya fi ƙarfin birki, a gangara ka sauka ka riƙe shi.

Ina tsoron babban titi.

Tsoron yana da dalili. Hanyar Kaduna zuwa Kano ta ratsa ta Ɗanmagaji da Kwangila, tireloli da tankoki ba sa yankewa, hanyar Sakkwato da ta wuce gaban jami'a zuwa Shika da Giwa ita ma haka. Na rasa abokin ciniki a kan irin wannan hanya, mutumin kirki, yana komawa gida bayan isha'i babu fitila. Shi ya sa ba na gajiya da faɗar waɗannan.

Bi hannun dama, tare da motoci. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙin dama, keke ma abin hawa ne. Wanda ke tahowa ta hannun da ba nasa ba yana cewa gara ya ga motar da ke zuwa, amma direban da ke fitowa daga kwana ba can yake duba ba. Kada ka taɓa shiga tsakanin tirela da gefen titi, musamman kusa da kwana. Direban ba ya ganinka, kuma tayoyin baya suna yanke kwana fiye da na gaba. Bar tazara tsakaninka da motar da ke tsaye saboda ƙofa. Bas da napep suna tsayawa ba sanarwa duk inda aka ɗaga musu hannu. Miƙa hannu kafin ka juya. Layin dogo, kamar na wajen PZ, a tsallaka shi a miƙe, don idan ka zo masa a karkace taya na zamewa. Da dare farar fitila a gaba, ja a baya, da tufa mai haske. Da hazon hunturu ma haka ko da safe ne. Hular kwano ba ta hana haɗari, amma kai ɗaya gare ka. Babbar riga kuma a tattare ta, ƙafar wando ta dama a naɗe.

Malam, ɗiyata tana son keken zuwa makaranta, ƙaninta ma yana kuka. Me zan saya musu?

Hajiya, kada ki sayi babba da niyyar su girma su same shi. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba, ba ya iya tsayawa lokacin da ya kamata. Mu da muka koya da keken haya, muna zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda, mun san tabon da ya bar mana. Ga ƙaramin, a cire feda a sauke sirdi, ya riƙa turawa da ƙafa har ya iya daidaita kansa, sannan a mayar. Ga yarinyar, mai saukakkiyar sanda, da murfin kaca, da raga a gefen tayar baya. Hijabi mai tsawo idan sufok ya kama shi, wuya yake ja. Ta tattare shi ta zauna a kai. Idan kuma za a goya ƙaramin yaro a kariya, a sa masa wurin ɗora ƙafa, don dunduniyar yara da yawa ta shiga wili.

Yaya zan kare shi daga ɓarayi?

Makullin da ke kama taya kaɗai ba ya hana a ɗauke keke a kafaɗa. Sarƙa mai kauri da kwaɗo, ta ratsa bodi da tayar baya, ta zagaye abin da ba ya motsi. A masallacin Juma'a, da kasuwa, da bakin ajin jami'a aka fi yin ɓarna, wato inda kekuna suka yi yawa kowa ya ɗauka wani na kallo. Kifa keken ka dubi ƙarƙashin gindin feda ko kusa da sirdi, akwai lamba da aka buga a ƙarfe. Rubuta ta, ka ɗauki hoton keken da waya. Ranar da ka gan shi a hannun wani, ita ce shaidarka gaban mai unguwa ko 'yan sanda.

Ni ma'aikaci ne, ina jin nauyin a gan ni a kan keke.

Yallaɓai, a garin nan malamai da alƙalai sun hau Rali da rawaninsu, ana gaishe su ana russunawa. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018. Ka fito da wuri kafin rana ta yi zafi, ka tafi a hankali, ka ajiye riga ta biyu a ofis. Makon farko cinya za ta yi tsami, na uku ba za ka ji ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likitansa. Da azumi kuma a rage nisa, a guji tsakar rana.

Keken marigayi mahaifinmu yana rataye a zaure shekara da shekaru. Zai tashi?

Allah ya jiƙansa. Kawo shi, kuma kada ka bari 'yan gwangwan su auna maka shi a kilo. Idan tsatsa ba ta huda bodi ba, zai tashi. Taya da tub da robar birki sun riga sun mutu, za mu sake su. Kaca za mu jiƙa ta a kananzir mu ga ko gaɓoɓinta za su saki. Mu buɗe boris duka mu sa giris, mu ɗaure sufok, sirdin fata mu shafa masa mai ya yi laushi. Kada ka yi masa sabon fenti tukuna, ka bar tambarin da ke wuyansa yadda yake. Kafin ka taho, ɗiga ɗan mai a kan kowane noti ka bar shi ya kwana biyu, don kada su karye a hannuna.